Cindo da Kajin Marigayi

A Kwanar Marke, gida na ƙarshe kafin a gangara rafi, nan Inna Dije take zaune da ɗanta Cindo. Da su uku ne. Na ukun shi ne Ɗayyabu, ɗanta na fari, wanda ciwon ƙirji ya ɗauke a daminar bara. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari shi ne wani dogon ɗaki a bayan gida, mai rufin kwano da bangon ragar waya, cike da fararen kaji. Ba kajin yanka ba ne, ba kuma masu ƙwan da ake soyawa a teburin mai shayi ba. Iyaye ake ce musu. Su da zakarunsu suke zaune, ana kwashe ƙwansu a kai birni a sa a injin ƙyanƙyasa, 'yan tsakin da suka fito su watsu gonakin mutane har garuruwan da ba a taɓa jin sunansu a Kwanar Marke ba. Cikin duk abin da hannun Ɗayyabu ya taɓa, kajin nan ne kaɗai suka rage suna numfashi.

Shi kuwa Cindo da yatsu shida aka haife shi, shi ya sa sunan. Ya yi gemu, yana saɓa buhun dusa biyu bai yi nishi ba, amma magana in ta shiga kunnensa, yadda ta shiga haka take zama. Ba ya rage mata, ba ya ƙara mata. Ɗayyabu ne kaɗai ya iya aikensa, don shi yana ba shi aiki da farkonsa da ƙarshensa. Zai ce, "Ɗebo ruwa, in randa ta cika ka tsaya." Wani in ya aike shi ya manta da ƙarshen, sai a dawo a tarar tsakar gida ta zama tafki, Cindo kuma yana kan hanyar rijiya.

Inna ba ta faɗin sunan Ɗayyabu ko da yana raye, saboda kunyar ɗan fari. "Mai kajin" take ce masa. Ranar da aka fita da shi ba wanda ya ga hawayenta. Amma a ranta ta riga ta yanke cewa iskar damina ce ta shiga ƙirjinsa. Don haka da hadarin farko ya haɗu a bana, sai ta sa aka sayo tamfol shuɗi mai kauri, aka lulluɓe ragar ɗakin kajin ta kowane gefe, ba inda iska za ta ratsa.

Wata rana da hantsi Inna ta tsaya a ƙofar ɗakin kaji, sai ta ji wani ɗan sauti a ƙarƙashin hayaniyarsu, kamar ƙaramar tukunya tana tafasa can nesa. Ta san sautin nan. Bara ta zauna kusa da shi a bakin gadon mai kajin. Ta kira Cindo ta ce, "Shiga ka saurara. Duk abin da ka ji ya yi atishawa a wurin nan, ka kai mini ɗakina in duba." Ta ja mayafi ta tafi maƙwabta barkar haihuwa. Cindo ya shiga ya tsuguna a kan ɓuntun shinkafar da aka shimfiɗa wa kajin, ya kasa kunne. Bai taɓa sauraronsu ba, abinci kawai yake zuba musu. Sai ya ji ashe hayaniyar nan ba ɗaya ba ce, kowace kaza da nata numfashin, ƙanana-ƙanana, suna shiga suna fita kamar ganyen dawa in iska ta bi gona. Ya daɗe baki buɗe. Can wata ta yi atishawa a gefensa, ya rungume ta ya kai ɗakin Inna. Ya dawo, wata ta yi. Kafin Inna ta dawo kaji sun hau gado, sun hau jeren kwanuka, wata ta kwanta a cikin tasa ta yi ƙwai. Tana tsaye a bakin ƙofa tana kallonsu, sai ga Barau, ɗan wanta, taubashin Cindo, wanda ke kwasar ƙwai zuwa birni da motarsa a-kori-kura. Ya leƙa ɗakin kaji, warin ciki ya bugi hancinsa, ya saki atishawa. Bai gama goge hanci ba ya ji ƙafafunsa sun bar ƙasa.

"Kai Cindo, sauke ni. Ni kaza ce?"

"Inna ba ta ce kaza ba."

Ya dire shi a kan gado, tsakanin kaji. Barau ya gyara hula ya ce, "Gwaggo, ina kwana. Ga ni an kawo ni a duba ni."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga kaza ɗaya, ta ga ido ya kumbura, ga majina a hanci. Ta ce, "Sauka mini daga gado ka je ka ɗauko likita."

Likita Rifkatu ce ta zo, likitar dabbobin da ke duba kajin tun Ɗayyabu yana raye. Ta sa aka kawo mata wata kaza da ta mutu, ta ɗora ta a kan allon katako ta buɗe ƙirjinta, Cindo yana tsaye a kanta. Ta nuna wasu 'yan jakunkuna a gefen huhu. Ta ce a lafiyayyar kaza siraran abu ne kamar kumfar sabulu, kana hango bayansu, a nan kaza ke ajiye iskarta. Na wannan sun yi kauri sun yi fari kamar kindirmo. Cindo ya durƙusa. Kullum yana ɗaukar kajin nan a hammata, bai san akwai ɗakunan iska a cikinsu ba.

"Likita, wa ya sa mata wannan a ciki?"

"Wanda ya sa maka naka."

Ya dafa ƙirjinsa. Likita ta juya ga Inna ta yi mata bayani a fili. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, sun kama maƙogwaro. Suna bin numfashi, suna bin tafin takalmi, mafi muni kuma suna iya bin ƙwai su fito tare da ɗan tsako. Masu injin ƙyanƙyasa ba za su karɓi ƙwai ko ɗaya ba sai kajin sun warke. In kuwa magani ya kasa, sai dai a kawar da su duka a share ɗakin. Ta ce a naɗe tamfol ɗin nan iska ta shiga. Inna ta ce to. Da motar likita ta ɓace a kwana, Inna ta ce wa Cindo, "Saki tamfol. Daga yau in ka hango motarta ka naɗe, in ta tafi ka saki."

Kafin ta tafi, likita ta ajiye wani faffaɗan kwano da ruwan magani a bakin ƙofa, ta ce, "Ba mai shiga ɗakin nan sai ya tsoma ƙafarsa a ciki. Ko wane ne." Wata rana Inna ta roƙi Liman ya zo ya tofa wa kajin addu'a. Ya zo da sababbin takalman fata, yana tafe yana kauce wa taɓo. Cindo ya tare ƙofa.

"Allah ya gafarta malam, sai ka tsoma."

"Da alwalata nake, Cindo."

"Likita ba ta ce alwala ba."

Liman ya dubi takalmansa, ya dubi faɗin kafaɗar Cindo, ya yi bismilla ya tsoma. Yana cikin addu'a sai wani ƙadangare ya sulale ta ƙarƙashin ƙofa. Cindo ya bi shi ta tsakanin ƙafafun Liman, ya cafko shi, ya fito da shi ya tsoma masa ƙafafun nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, Liman na ta ƙoƙarin kai addu'a ƙarshe ba tare da ya yi dariya ba. Ba a jima ba wata 'yar tsuntsuwa, gwara, ta shigo ta ƙarƙashin kwano. Ita ce ta cinye masa yini. Ya bi ta gabas, ya bi ta yamma, kaji na tashi sama kamar an watsa auduga, sai gab da la'asar ta gaji ta faɗa hannunsa. Ya fito da ita bakin kwanon magani, sai ya tsaya. Ƙafafunta ba su kai tsinken tsintsiya kauri ba. Zuciyarta na bugawa daidai kan ɗan yatsansa na shida, da sauri, da ɗumi, kamar wani yana ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki. Ya tsoma ƙafafun a hankali, ya mai da ita cikin ɗakin ya ajiye, ya ce, "Yanzu kina iya shiga." Gwara ta fice ta inda ta shigo, ba ta ƙara dawowa ba.

Wata rana likita ta kawo maganin, gari ne mai ɗaci, ta dama shi a duro. Barau ya ce ai da an sayo kafson nan ja-da-yalo a kemis an farfasa musu, haka kowa ke yi. Likita ta yi masa kallo ɗaya, ya ce wasa yake. Ta ce, "Wannan ruwan kaɗai za su sha, kuma kowace sai ta sha. Ko kun ga sun miƙe kada ku daina sai kwanakin sun cika. In kun tsaya a tsakiya, ƙwayoyin da suka rage su ne masu taurin kai, ba za su ƙara jin maganin ba." Aka zuba a mazuban ruwa, kowa ya kama gabansa. Cindo ya tsaya yana kallo. Wasu sun sha, wasu ba su sha ba, kuma duk farare ne, da sun juya sun cakuɗe. Ya je ya ɗauko bular wankin Inna ya jiƙa. Sai ya kama kaza, ya tsoma mata baki, ya jira ta haɗiye, ya ɗiga mata shuɗi a ka. Waɗanda suka kwanta a lungu suka kasa tashi, ya bi su har lungun da ruwan a tafin hannu. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, kowace in ta kurɓa sai ta ɗaga kai sama ta lumshe ido. Shi ma sai ya ɗaga nasa, don ya ga abin da take gani. Kwano kawai yake gani, amma bai fasa ɗagawa ba, ko a dace. Kafin magariba wuyansa ya sage, ɗakin kuma ya cika da fararen kaji masu shuɗin kai. Barau ya leƙo ya riƙe ciki.

"Gwaggo, zo ki ga an yi wa amare kwalliya. Cindo, kai ne angon?"

Cindo ya juyo da jikinsa duka, don wuya ba ya juyawa, ya nuna wani zakara. "Ga shi can. Shi ma ya sha."

Kajin ba su daina ƙwai gaba ɗaya ba, ga shi birni ba sa karɓa, sai ƙwai ya fara taruwa a kiret. Barau ya ce a kai wa masu shayi. Likita ta ce a'a, maganin yana sauka a cikin ƙwan, kada ya shiga cikin mutane, a binne. Wata rana Inna ta ce, "Cindo, kwashi ƙwan can ka je ka binne." Cindo sau ɗaya ya taɓa tsayawa ana binnewa tun daga farko har ƙarshe, ya kuma riƙe yadda aka yi. Ya ɗebo ruwan ɗumi ya wanke ƙwan ɗaya bayan ɗaya. Ya shiga ɗakin Inna ya buɗe akwatinta, can ƙasa ya samu farin alawayyon da ta ajiye wa kanta tun da daɗewa. Ya yayyaga shi ƙanana, ya naɗe kowane ƙwai. Ya haƙa rami a gindin marke, ya yi masa 'yar ƙaramar kwanciya a ciki, ya jera su suna fuskantar gabas, ya rufa da itace da ganye kafin ƙasa. Barau ne ya fara hango shi, ya taho da dariya a baki zai tambaya ko za a yi zaman makoki. Da ya matso ya ga yadda Cindo ke yayyafa ruwa a kan tudun yana lallaɓa shi da tafin hannu, sai dariyar ta maƙale. Ya cire hula, ya rasa dalili, ya mayar. Inna ta iso riƙe da guntun ƙyallen da ta tsinta a hanya.

"Cindo, likkafanina ne fa."

"Ba wani farin a gidan, Inna. Na Yaya ma fari ne."

Ta daɗe tana kallon tudun. Can ta ce, "Gobe rami kawai za ka yi. Ba wanka, ba ƙyalle." Ta juya da sauri ta shige gida.

Kajin suka ɗan farfaɗo, aka cika kwanakin magani, sai ga 'yar tukunyar nan ta dawo tana tafasa, har ta fi da. Kowace safiya Cindo na fitar da matattu. Likita ta ɗebi majinar wasu ta kai birni aka gwada, don a san maganin da ƙwayoyin za su ji. Wata rana ta dawo da shi. Cindo ya hango motarta ya naɗe tamfol, amma da ta shiga ɗakin idanunta suka kawo ruwa don yajin warin kashi. Ta damƙi ɓuntu ta ji shi jiƙe.

"Cindo, tamfol ɗin nan kullum a naɗe yake?"

"Kullum in kin zo."

Likita ta dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa. Likita ta sassauta murya ta ce, "Inna, magani yana kashe cuta, amma ba ya yi wa kaza numfashi. Warin nan ƙona musu maƙogwaro yake yi, cutar ta samu ƙofa a buɗe."

Inna ta ce, "Likita, ni na ga abin da iska take yi."

Daga baya likita ta ce wannan maganin ne na ƙarshe. In bai yi ba, ba za ta bari cutar ta bi ƙwai ta shiga gonakin mutane ba, sai a kawar da kajin. Ta ce a wanke mazuban ruwa da na abinci kafin a fara. Ta ƙulla garin a 'yan ledoji, ta danƙa wa Cindo, ta ce, "Ƙulli ɗaya a duro ɗaya, kowace safiya. In ƙullin sun ƙare ka tsaya." Cindo ya daɗe yana kallonta. Rabon da a ba shi aiki da ƙarshensa tun bara. Motarta na shan kwana ya saki tamfol.

Washegarin zuwan likita, Barau ya zo da sassafe ya ce jikin babansa ya tashi, yana kiran ƙanwarsa Inna. Garinsu a hayin rafi yake. Inna na ɗaura ɗankwali tana neman takalmi ta ce, "Cindo, likita ta ce a yi wanki kafin magani. Duk abin da ke ciruwa a ɗakin can ka cire ka wanke. Kada ka mayar sai ya bushe ƙarau." Mazubai take nufi. Ta shiga mota suka haye. Cindo ya shiga ɗakin yana gwada komai. Mazubai suka ciru. Akwatunan ƙwai suka ciru. Ginshiƙi ya jijjiga, bai ciru ba, ya bar shi. Ƙofa ta ciru, ya wanke ta ya jingine, ya zauna a gurbinta yana kora kaji har ta bushe. Mazubai ma ba su daɗe ba, ya mayar, ya kwance ƙulli na farko ya dama. Sai ya kai hannu ga tamfol, ya ga igiya ce kawai ta riƙe shi. Ya kwance su duka, ya saɓa zuwa rafi, ya wanke, ya shanya a kan duwatsu. Bai gama shanya ba gabas ta yi baƙi. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, rafi ya cika ya shanye 'yar gadar da mota ke bi, marka kuma ta kafu. Duk sanda rana ta leƙo tamfol ya fara shan iska, sai yayyafi ya dawo ya jiƙa shi.

Da jikin wanta ya yi sauƙi Inna ta zo bakin rafi, ba hanyar hayewa. Ta hango shuɗi shimfiɗe a kan duwatsu, ta hango ɗakin kaji can sama tsirara, raga kawai. Ta ɗora hannu a baki ta yi ta kira, amma rugugin ruwa ya haɗiye muryarta. Cindo ya gan ta, ya yi murna, ya ɗaga mata hannu. Ya shafa tamfol ya nuna mata tafinsa, don ta ga bai bushe ba kuma bai mayar ba. Inna ta zauna a ƙasa, a cikin taɓo. A ranta ta riga ta binne su duka.

Shi kuwa Cindo yana can yana ganin abin da bai taɓa lura da shi ba. Ashe Yaya ya zarce da kwanon rufi sosai ta kowane gefe, ruwa na zuba can nesa da raga, ba ya taɓa ɓuntu. Ashe ya miƙe ɗakin ta yadda iska ke shiga ta nan ta fita ta can, ba ta tsayawa. In ta biyo, sai gashin kajin ya ɗaga a jere tun daga wannan bango har wancan, kamar wani ne ke tafiya a tsakaninsu yana shafa bayansu. Idonsa ya daina yaji. Ɓuntu ya bushe. Kowace safiya yana kwance ƙulli ɗaya, ya bi kajin ɗaya bayan ɗaya da bularsa, ya bi na lungu da tafin hannu. Waɗanda cutar ta ci ƙarfinsu suka mutu, ya yi musu rami, ba wanka, ba ƙyalle. 'Yar tukunyar nan ta fara rage tafasa. Safiyar da ya kwance ƙulli na ƙarshe, ya tsuguna ya kasa kunne, bai ji ta ba. Tsoro ya kama shi, ya zaci kunnensa ne ya mutu. Ya ɗauki kaza ɗaya ya kara ƙirjinta a kunne. Iska ce kawai, tana shiga tana fita, ba abin da ya tare ta. Ya ɗauki wata, haka. Ya zauna a tsakiyarsu bai motsa ba har rana ta ɗaga.

Ranar da ruwa ya janye daga gada, Inna ce ta fara hayewa, ba ta jira mota ba. Barau da likita na biye. Ta hau gangaren nan da gudun da ba a san tana da shi ba. A bakin ƙofa Cindo ya nuna mata kwanon magani, ta tsoma ƙafa ba ta ma san ta yi ba, ta shiga. Ta tsaya. Kaji na tsaye da ƙafafunsu, farare masu shuɗin kai, suna tono, suna ci. Ta karkata kunne tana neman sautin da ta sani, ta nema ta nema. Likita ta shigo ta ɗaga wannan ta duba ido, ta ɗaga waccan ta matsa hanci, ta damƙi ɓuntu ta sake shi ya zube kamar gero. Ta ce za a jira maganin ya fita daga jikinsu, a sake gwaji, sannan a yi maganar ƙwai. Amma maganar kawar da su, ta ce, a ajiye ta.

Sai iska ta biyo daga gabas. Ta ratsa raga, ta ɗaga gashin kajin a jere, ta zo ta taɓa bakin mayafin Inna ta wuce. Inna ta ɗaga kai ta bi dogon kwanon nan da ido, ta ga yadda aka zarce da shi, ta ga yadda aka bar wa iska hanya da gangan. Leɓenta ya motsa. A hankali, yadda ba mai ji sai na kusa, ta ce, "Ɗayyabu."

Cindo bai taɓa jin sunan a bakinta ba. A saninsa in an kira mutum zuwa yake yi, don haka ya juya ya dubi ƙofa, ya jira. Likita da Barau ma suka samu kansu suna kallon ƙofar. Iska ce ta sake shigowa.

Ran nan rana ta fito sosai. Da la'asar Cindo ya gangara rafi ya dawo da tamfol a kafaɗa, ya sauke a gaban Inna, tana zaune a bakin ɗakin kaji.

"Ya bushe, Inna. In mayar?"

Ta kai hannu ta shafa. Ya bushe ƙarau, har yana ƙara.

"Bai bushe ba."

Cindo ya shafa shi ma. "Ya bushe fa."

"Da saura. Ninke shi ka ɗora a kan rumbu. In ya bushe zan gaya maka."

Ya ninke ya ɗora. Ƙwai ya koma birni, 'yan tsaki suka fito suka watsu inda suke watsuwa. Har yau kowace safiya, kafin ya zuba wa kaji abinci, Cindo yakan hau rumbu ya shafa tamfol ɗin nan, ya leƙo ya ce, "Inna, yau fa?" Ita kuma daga bakin murhu, ba ta ko ɗago kai, takan ce, "Da saura."